Sawun Baro a Bayan Siton Hukuma

Ga ta nan, ga ta nan tafe gare ku, 'ya'yana da jikokina.

Ta ƙaraso, Kaka, mun baza kunne.

To, ku gyara zama. A wani birni, bayan babban ofishin hukumar birnin, akwai wani dogon sito mai rufin kwano. Duk abin da ya rasa mai shi, can yake ƙarewa. Akwai kayan hukuma ita kanta, waɗanda ta gaji da su: kujeru masu ƙafa uku, fankoki, tebura, akwatunan ƙarfe. Akwai na tsintuwa, abin da aka manta a mota ko ya faɗi a kasuwa, irin su laima, jaka, takalmin yaro wari ɗaya, har da haƙoran roba na wani tsoho da bai taɓa zuwa nema ba. Sai na yasarwa, waɗanda motar hukuma ke kwasowa a bakin titi ko a shagunan da masu su suka tashi suka bari.

Kaya sukan yi wata da watanni a nan ana shela a rediyo. Wanda ya zo ya faɗi kamannin kayansa daidai, a ba shi. In wa'adi ya cika ba a ga kowa ba, sai a shafa musu fenti. Ja, a ƙona ko a tura wa 'yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa. Fari, a kai gidan marayu ko asibiti. Rawaya kuwa gwanjo ke nan. Kuma da zarar mai gwanjo ya kaɗa ƙararrawa a kan kaya, sun zama na wanda ya saya. Ko mai su na asali ya zo da shaidu cike da mota, sai dai ya yi kallo. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Mai riƙe da makullin wurin wata mata ce, gajera, mai faɗa, kowa na kiranta Uwar Sito. Saura kaɗan ta yi ritaya, kuma ko allura ba a taɓa cewa ta salwanta a hannunta ba. Ita ke shafa fentin, ba ta kuma da tausayin kaya: buroshi ɗaya, fal, a goshin abu, inda ko makaho zai shafa ya ji.

Wata safiya, ana jibi gwanjo, bayan an kwana ana ruwa, ta zo ta tarar da kwaɗon ƙofar baya a karye a ƙasa.

Kafin ta gama salati unguwa ta cika wurin. Can sai ga shugaban sashe, wanda ake kira Sai Gobe, don duk abin da ka kai masa amsarsa ke nan.

"Me aka ɗauka?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, ban sani ba."

"Ba ki sani ba? Ke ce fa mai sito!"

"Na zagaya sau ba adadi. Duk abin da na tuna, yana nan. Abin da ban tuna ba kuwa, ta yaya zan san babu shi? Takardar da kuke aiko min cewa take yi, tarkace mota guda. Tarkace na nan."

Jin haka fa sai jama'a suka farka. Wata ta ce sarƙarta ce aka sace, ta tabbata a ciki take. Wani ya ce babur ɗinsa da ya ɓace tun kafin ya yi aure. Wani ma akuya ya ce. Uwar Sito ta ce masa, "Malam, in da akwai akuya a ciki, da ta cinye takardun shugaba mun huta."

A cikin hayaniyar akwai wani matashin tela, ana ce masa Ƙaramin Tela, ido jawur. Wansa, Babban Tela, na riƙe da kafaɗarsa. Babban Tela ba baƙo ba ne a wurin, kowane gwanjo yana zuwa sayen tsoffin kekunan ɗinki don kayan gyara.

"Inna, ni ma daren jiya aka sace min keken ɗinki a shagona," in ji ƙaramin. "Ko ɓarawon ɗaya ne?"

"Ɗana, nan kayan da suka yi watanni ake ajiyewa. Naka na jiya ne. Tafi wajen 'yan sanda."

"Na gaya masa haka," in ji babban a hankali. "Zo mu tafi, kada mu ƙara wa Inna ciwon kai."

Suna tafiya raɗe-raɗi ya tashi. Ai ita ta karya kwaɗon da kanta. Ai ta daɗe tana sayar da kaya ta bayan gida, gwanjo ya matso ta ga asiri zai tonu. Maganar ta shiga kunnen Sai Gobe, ya duba agogo, don yana da gwajin riga wajen tela, sabuwar rigar da zai sa ranar gwanjo. Rannan dai bai ce gobe ba.

"Jibi," ya ce. "In aka fara kaɗa ƙararrawa ba a samu ɓarawo ba, ki ajiye min makulli a tebur, sauran bayani kya yi wa 'yan sanda."

Uwar Sito tana da wa, tsoho, ana kiransa Baba Mai Sawu. A ƙuruciyarsa in aka kore shanu ko aka yashe rumbu, shi ake kira ya bi ƙasa har ƙofar ɓarawo. Yanzu ɗansa ya kawo shi birni ya ajiye, yana zaune yana tsine wa kwalta, wai ƙasa ce da aka ɗinke wa baki. Ta je ta ɗauko shi a gaggauce.

"Auta, wa ya taka wurin?" Haka yake kiranta, ko da yake tana da jikoki.

"Unguwa duka, Yaya."

"Madalla. Da ma kin gayyato kasuwa."

Allah ya taimaka, jama'a ta gefe suka zagayo. Daga ƙofar baya zuwa titi gangare ne na jar ƙasa, ruwa ya jiƙa shi, ba wanda ya so ɓata takalminsa. Baba ya durƙusa, gwiwoyi na ƙara. Ga sawun tayar baro layi biyu. Ɗaya ya nutse sosai, ɗaya sama-sama. Tayar tana da faci a gefe, duk juyi sai ta bar tambari kamar harshe. Ga kuma sawun silifas, irin wanda rabin birni ke sawa.

"Ya zo da baro fayau, ya koma da shi cike," in ji Baba. "Wannan ko jariri ya gani."

Sai ya ƙura wa sawun ido. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Ya miƙe, ya koma ya durƙusa.

"Mene ne, Yaya?"

"Ƙafafun da ke bin layi mai nauyin, sito suke kallo. Na layin fayau kuma titi suke kallo."

"Ma'ana?"

"Ma'ana..." Ya sosa gemu. "Ma'ana ƙwararre ne! Da baya-baya ya ja baron, don ya ruɗa mai bin sawu. Na taɓa kama wanda ya ɗaura takalmi a juye. Ni za a yi wa wayo?"

"To zuwan fa? Shi ma da baya ya zo?"

"Auta, ke da fenti, ni da ƙasa."

Ya sa aka ɗauko fallayen kwano aka rufe sawun. Ya bi layin har bakin kwalta, nan ƙasa ta yi gum da bakinta.

Suka nufi mai gadi, wani dogo mai hamma, yana zaune a ɗan ɗakinsa yana shan shayi.

"Ɗan'uwa, barci ka yi?" in ji Baba.

"Ni? Baba, ban taɓa barci a bakin aiki ba. Ido kawai na rufe saboda walƙiya, likita ya hana ni kallonta."

"Da ka rufe idon, kunnen fa?"

"Kunne na aiki. Na ji baro. Da farko yana nishi, ƙiii, ƙiii, kamar tsohuwa na hawan bene. Can an jima na ji shi yana ƙwaram-ƙwaram kamar gwangwani."

"Ka juya maganar. Ƙwaram-ƙwaram ne farko, nishi daga baya."

"Wallahi nishi ne farko. Shi ya sa ban tashi ba, na ce ma'aikatan mota ne suka kawo kaya."

"A cikin ruwa? Da kwaɗo a kulle?" in ji Uwar Sito. "Ma'aikatan da ko rana tsaka sai an roƙe su?"

"Inna, ni ma abin ya ba ni mamaki. Ina cikin mamakin gari ya waye."

Da suka fito Baba ya ce, "Mai barci ne, mafarkinsa ya juye. Ko kuma da shi aka haɗa baki." Amma muryarsa ba ta da ƙarfin ɗazu.

Tayar mai faci ba ta yi wuyar samu ba. A tsallaken titi akwai filin wani ɗan gwangwan da ake kira Tsatsa, ga baron nan jingine a bakin ƙofarsa. Baba ya murza tayar a ƙasa, harshe ya fito sak. Ya leƙa filin, sai ga kaya masu fentin rawaya tuli guda.

"An kama ka!" in ji Uwar Sito.

Tsatsa ya fito yana goge hannu a wando. "Inna, da wanne aka kama ni? Waɗannan ai ke kika shafa musu fenti bara, ni na saya a gabanki, har kika ce in kai su can in ƙarata. Duba fentin, ya koɗe."

Ta duba. Ya koɗe.

"Baron fa?" in ji Baba.

"Baron nan waje yake kwana. Mai gawayi na ɗauka, mai ruwa na ɗauka, layin teloli na ɗauka, masu kwashe shara na ɗauka. Ba mai gaya min, ba mai gode min. Amma Baba, tunda ka zo, warware min wani abu. Yau da safe na same shi a wanke."

"A wanke?"

"Tas! Tun da na saye shi bai taɓa ganin sabulu ba. Ga tsohon buhu an shimfiɗa a ciki, an ninke bakinsa kamar gadon amarya. Wane irin ɓarawo ne ke wanke baro? In ka kama shi ka turo min, ina da aiki."

Baba ya shinshina buhun. Wani ɗan ƙanshin mai ya ji, ba na mota ba, ba na girki ba. Ya san ya taɓa jin sa, ya rasa a ina.

Da yamma a gida Uwar Sito ta zauna a bakin gado da makullai a cinya, ta ƙi cin abinci. Maƙwabciyarta da kullum ke leƙowa aron wuta yau ba ta leƙo ba. 'Yarta ta aiko cewa dangin mijinta sun fara tambaya.

"Yaya, ba aikin nake ji ba. Na gaji da shi ma. Amma a ce na tsufa a kan kayan mutane, ban taɓa ɗaukar ko laima ba ranar ruwa, sannan in fita da sunan ɓarauniya? Jikokina su ji?"

"Za mu kama shi."

"Wa? Me ya sata? Ka sani?"

Baba ya girgiza kai. "Auta, gaskiya kaina ya kulle. Ɓarawo ya zo da baya, ya koma da baya, ya wanke baro, bai ɗauki abin da aka sani ba. A daji ban taɓa gamuwa da irinsa ba. Ko aljanun birni ne masu tsafta?"

Washegari ya ce sai ya gwada da jikinsa. Ya karɓo baron Tsatsa, aka loda masa bulo a ƙofar baya, gefen inda aka rufe sawun. Ya juya wa titi baya, ya kama hannayen baron, ya fara ja yana gangarawa.

"Yaya, ka bari, shekarunka!"

"Matsa min!"

Ai bai yi nisa ba baron ya ga gangare ya ce ga garinku. Ya taso masa, ya ture shi, Baba ya zauna daɓas a cikin laka, bulo ya watse, hula ta yi nata wuri. Mai gadi ya shige ɗakinsa don kada a ga haƙoransa. Tsatsa kuwa daga tsallaken titi yake tafi.

Uwar Sito ta rugo. "Ka karye?"

Baba ya share laka daga fuskarsa. Yana zaune a lakar, idonsa na kan sawun da ya bari. Gajeru ne, a karkace, kamar na kaza mai jiri. Ya miƙa hannu ya ɗaga fallen kwano. Na ɓarawon dogaye ne, a miƙe, yatsu sun tona ƙasa irin na mai tura nauyi yana hawa.

"Mai gadi ya fi ni gaskiya," ya ce. "Nishi ne farko. Auta, ba fita aka yi da kaya ba. Shigo da su aka yi."

"Faɗuwar ta taɓa maka kai?"

"Ɗaga ni. Sitonki bai ragu ba, ƙaruwa ya yi."

"Yau na ji ikon Allah! Wa zai karya kwaɗon hukuma don ya ba ta kyauta?"

"Shi ne ban sani ba. Mu je mu nemi baƙo."

Suka shiga ɓangaren rawaya, inda kayan gwanjo ke jibge. Neman abin da ya ɓace da wuya, amma neman abin da ya ƙaru, wannan sai wanda ya gwada. Ta ɗaga fanka ta ce ta san ta. Ta ɗaga akwati ta ce ta san shi, ko kuma ƙaninsa. Ta tsaya a kan wani firji tana rantsuwa ba ta taɓa ganinsa ba, sai ga fentinta a goshinsa. Suka zo kan kekunan ɗinki, wasu a kife, wasu a kishingiɗe, duk tsatsa ta ci su, ruwan rufi na ɗiga a kansu.

Baba ya daina kallon kaya, ya koma bin hancinsa. Ƙanshin buhun nan ne. Ya kai shi wani lungu, wuri ɗaya tak da rufin ba ya yoyo. Wani abu na tsaye a nan, an lulluɓe shi da tsohon labule. Ya yaye.

Keken ɗinki ne, tsoho, baƙi, yana sheƙi. An ɗora ƙafafunsa a kan katako biyu don kada su taɓa damshin ƙasa. Goshinsa babu fenti. Baba ya leƙa ƙarƙashin teburin, ga rawaya nan, ɗan ɗigo, an shafa shi da ladabi.

"Wannan ba hannuna ba ne," in ji Uwar Sito. "Ni ina ruwana da kyan katako?"

A ƙarƙashin allurar kuma an sa wani ɗan ƙyalle, kore mai ratsin fari, an sauke allurar a kansa.

Ta dafe ƙirji. "Yaron nan! Telan da na kora!"

"Nasa ne, ina zato. Amma me ya sa ɓarawo zai sato keke ya kawo nan?"

Uwar Sito ta buga cinya. "Ƙararrawa, Yaya! Gobe ma'aikata za su kwashe duk abin da ke ɓangaren nan su fitar. In aka kaɗa ƙararrawa a kansa, wanda ya saya ya mallaka, ko a gaban mai shi zai iya taka shi. Ba sayarwa ɓarawon zai yi ba. So yake ya zauna da shi a fili."

"To wa ke nan?"

"Ni da fenti, kai da ƙasa."

Baba ya mayar da labulen. "Kada ki taɓa ƙyallen nan. Ki aika a kira yaron gobe da safe."

Ranar gwanjo fili ya cika, mai gwanjo na goge ƙararrawarsa. Baba ya roƙi shugaba ya ba shi ɗan lokaci a cikin sito. Aka tara mai gadi, Tsatsa, Ƙaramin Tela, da wansa wanda da ma ya zo gwanjo tun da wuri. Sai Gobe ya shigo ƙarshe, yana taku ɗai-ɗai cikin sabuwar riga.

Baba ya yaye labule.

"Keken babanmu!" Ƙaramin Tela ya yi tsalle ya rungume shi.

"Au!" in ji Sai Gobe, ya juya ga Uwar Sito. "Abin ya wuce sata, har ajiyar kayan sata kike yi a siton hukuma? Kawo makullin."

Ta miƙa hannu cikin jaka. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan dakata." Ya ɗaga allurar, ya zaro ƙyallen, ya ɗaga shi sama wajen haske. Niyyarsa ya tambaya ko wani ya san shi, don shi kansa bai san inda zai nufa daga nan ba. Sai ya ga kowa ya waiwaya. Ba ƙyallen suke kallo ba. Shugaba suke kallo.

Rigar Sai Gobe kore ce mai ratsin fari.

Tsatsa ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ranka ya daɗe, ashe kai ka wanke min baro? Na gode!"

"Kai, rufe min baki! Ni da baro? Yadi na saya na kai wa tela! Ga shi nan tsaye, ku tambaye shi!" Ya nuna Babban Tela.

Babban Tela ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ƙyalle ai yawo yake yi. Yara na kwasa. Ƙanina ma na iya tsinta a shagona ya sa a kekensa."

Baba ya dubi ƙaramin. "Ɗana, kai ka sa?"

Ƙaramin Tela ya saki keken a hankali. Bai dubi Baba ba, wansa yake kallo.

"Ni ban taɓa sa ƙyalle a ƙarƙashin allura ba. Babanmu ne ke yi in ya tashi aiki, wai ya tsotse mai, allura ta kwana a kan taushi. Tun muna yara kake make min ƙeya a kan na ƙi koya. Yaya, kai ne? Kai da ka raka ni wajen 'yan sanda?"

 Babban Tela ya zauna a kan wata kujera mai ƙafa uku, ta kusa kayar da shi.

"A kansa na koyi ɗinki," ya ce. "Babanmu ya bar maka shi don ni ina da shago, ban ce komai ba. Kana ɗora masa kofin shayi, ban ce komai ba. Ka bar shi ba mai har yana kuka, in na wuce ina jin sa daga titi. Sannan na ji za ka sayar da shi ka sayi na lantarki. Na ce ka ba ni, ka ce gara ka sayar wa baƙo da ka ji gorina. Tsohon makullin shagon babanmu da kake zaune a ciki na wurina. Na ce in ya bi ta gwanjo, ba mai ƙwace min shi."

"Ni kuma fa?" in ji Uwar Sito. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. "Ka tausaya wa katako, ka ƙi shafa masa fenti a fuska. Ka tausaya wa ƙarfe, ka sa masa matashi. Har baro ka wanke don kada ya ɓata shi. Ni da ka tsaya a gabana kana cewa kada a ƙara min ciwon kai, ka ji ana kirana ɓarauniya, ka tafi gwajin riga?"

"Inna, ki yafe min. Na ɗauka surutu ne zai wuce."

"Da ya wuce da ni."

Sai Gobe ya yi gyaran murya, ya ce lallai shi tun farko bai yarda da jita-jita ba, ta riƙe makullinta. Ya aika a kira 'yan sanda saboda kwaɗon hukuma. Ƙaramin Tela ya sunkuya zai ɗauki keke.

"Ajiye," in ji Uwar Sito. Ta ja labule ta rufe shi ruf. "Duk abin da ya kwana a sitona, ƙa'ida ɗaya ce. Faɗi kamanninsa."

"Inna, yanzu fa kika ga..."

"Faɗi."

"To, baƙi ne. Yana da zanen ruwan zinariya. Da... da ƙafafu."

"Duk waɗancan ma baƙaƙe ne masu ƙafafu."

Daga kan kujera mai ƙafa uku, ba tare da ya ɗaga kai ba, Babban Tela ya ce, "Akwai tabon dutsen guga a kusurwar hagu, ni na yi shi ina yaro, na sha duka. Aljihun teburin na dama sai an ɗaga shi kafin ya buɗu. Wurin taka ƙafa ya lotsa a gefe ɗaya, don babanmu da ƙafa ɗaya yake takawa."

Ta leƙa ƙarƙashin labule. Haka ne, ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin Tela ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ga mai kaya bai san kayansa ba, ga wanda ya san kaya ba nasa ba ne. Ƙa'ida ta ce a ba wanda ya faɗi kamanni. Hankali ya ce ba a ba ɓarawo. Wa zan ba?"

Sai Gobe ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi rigarsa. A waje mai gwanjo ya fara kaɗa ƙararrawa.

"Ku dawo gobe," ya ce.

Babban Tela ya kwana a hannun 'yan sanda, ƙaninsa ne ya je ya yi ta roƙo har aka sake shi, bisa sharaɗin ya gyara ƙofar da ya ɓalla, ya kuma tsaya a gaban unguwa ya wanke Uwar Sito da bakinsa. Ya yi. Mai gadi aka mayar da shi gadin rana, inda babu walƙiya sosai. Tsatsa ya sayi sarƙa ya ɗaure baronsa. Sai Gobe bai ƙara sa koriyar rigar ba, kuma har aka canja masa wurin aiki bai yanke hukunci ba. Baba Mai Sawu ya yi jinyar ƙugu, ya ce a mayar da shi inda ƙasa ke magana, aka mayar da shi. Uwar Sito ta yi ritaya da sunanta fes, ta miƙa makulli ga wadda ta gaje ta, ta ce mata komai ta shafa wa fenti ban da abin da ke lungu. Keken yana nan a kan katakonsa biyu. Duk ƙarshen mako 'yan'uwan nan biyu sukan zo tare, babban ya zuba masa mai, ƙaramin ya sa ƙyalle ya sauke allura.